Ranar Da Aka Ɓalle Ɗakin Yenti

Shafi na 9

Salamu alaikum. Wayar nan ta karanto min duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin shafin jiya.

Wata ta ce wai in yi haƙuri, Elfi 'yata ce, ba da mugun nufi ta yi ba. Baiwar Allah, ni na haife ta ko ke?

Wani kuma ya ce bai dace tsohuwa kamata ta riƙa tona asirin gidanta a waya ba. Kai kuma ka gyara zama, asirin bai ma fara tonuwa ba.

Na faɗa tun farko, ni Rosmaniar ban taɓa zama a aji ba. Magana nake yi, waya tana rubutawa. In kun ga shirme, ita za ku zaga. Kuma ba tausayinku nake nema ba. So nake dattawan zuriyarmu su ji, su zaunar da ƙanena da 'yata, su amsa abin da suka yi min a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a suka shirya yi min shi.

Sababbin shigowa, ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. A harshenmu Uni yaya ce, Etek gwaggo, Amak uwa, Nenek kaka, Mamak kuma kawu. Elfi ce ta dawo daga Jakarta da dabarar a yi randai, wasan kwaikwayonmu na gargajiya mai waƙa da rawa, a cikin babban gidanmu na gado, bayan Sallah, lokacin da 'yan ƙauyenmu masu ci-rani duk suna gida. Mutum ya sayi tikiti, ya zauna a tabarma, a ajiye musu babban faranti, suna cin rendang, naman nan da muke dafawa da madarar kwakwa har ya tsotse, suna kallon wasa. Na yarda. Kaicona da na yarda. Sharaɗi ɗaya tak na kafa, kada a taɓa ɗakin Yenti.

Yenti ita ce autata. Ta tafi aikin masana'anta Malesiya tun tana budurwa, sai dai in ji muryarta a waya. Ɗakin ƙarshe na gidan nan nata ne. Kowace 'ya mace da ɗakinta a gidan uwarta, ko bangon duniya ta tafi ba a ba wata.

Jiya mun tsaya inda na dawo daga kasuwar Payakumbuh da hantsi, ana gobe taro, na ji ƙarar guduma a cikin gida.

To.

Na yar da kwandon barkono a gindin matakala. Ko ƙafa ban wanke ba na hau.

Babu bangon ɗakin Yenti.

Katakan da kakata ta sa aka sassaƙa, ga su nan a jingine kamar itacen girki. Gadonta a fili. Matashin kanta a fili. Duk wanda ya shigo falo zai ga har inda take rataye tawul. Pirin kafinta yana tsaye da ƙusoshi a baki.

Na ce, "Kai Pirin, wa ya aike ka?"

Ya tofo ƙusoshin a tafin hannunsa. "Uni Elfi ce ta ce in..."

"Uni Elfi ce ta gina gidan?"

"A'a, Etek."

"To ajiye gudumar nan kafin in gwada ta a goshinka."

Ya ajiye. Sai a lokacin na ga akwai mutum a cikin ɗakin.

Yarinyar nan ce mai waƙa, Izati, wadda Elfi ta taho da ita wai ita za ta rera waƙoƙin wasan. Siririya, shiru-shiru, ba za ta wuce sha takwas ba. Harshenta na mutanen Malesiya ne. Ranar da ta iso na tambaye ta ko ta san Yenti tawa, tunda daga can take. Ta sunkuyar da kai. Elfi ta yi caraf ta ce, "Amak, Malesiya fa ba ƙauyenmu ba ce da kowa ya san kowa."

Ita ce zaune a bakin gadon Yenti. Ta ɗauko mayafin nan mai zaren zinare da uwata ta saƙa da hannunta, wanda na ajiye wa Yenti na ranar aurenta. Ta cusa fuskarta a ciki.

Na ce, "Ke! Ajiye."

Ta zabura ta miƙe. "Nenek..."

"Kada ki ƙara ce min Nenek. Ni ba kakarki ba ce. Jikokina na san su, na san iyayensu."

Na fizge mayafin. Ya jiƙe.

"Kayan da nake shanyawa duk wata ina mayarwa, shi kika samu na share majina? Uwarki ba ta koya miki ba a shiga ɗakin mutane ba?"

A hankali ta ce, "Ta koya min."

"To ta yi aikin banza. Ki koma ki ce ta sake."

Ta ɗago ta kalle ni. Ba kallon rashin kunya ba ne, yanzu na sani. Amma a lokacin haka na ɗauke shi.

Na ce, "Fita. Ba daga ɗakin ba, daga gidan. Gidan nan na masu gida ne, ba masaukin 'yan wasa ba."

Sai ga Elfi ta hauro a guje, waya a kunne, tana ce wa mai lasifika ya jira.

"Amak! Amak, don Allah ki tsaya in miki bayani."

"Bayanin me? Ranar da kika zauna kina matsa min ƙafa kina lallashi, me na ce miki?"

"Kin ce kada a taɓa ɗakin. Na sani. Jibi za a mayar, ko alama ba za ki gani ba. A ƙarshen wasan ne yarinyar za ta fito daga nan, dole masu cin abinci su gan ta tun tana ciki."

"Ta fito ta saman rufi mana! Ta fito daga cikin tukunya!"

"Amak, kin fa zauna kin kalli gwajin wasan nan. Ba ki ji komai a ranki ba?"

"Na ji. Na ji ƙattai suna zagaye suna buga faffaɗan wandunansu kamar ganga har gidan yana rawa. Na ji labarin wata da ta ƙetare teku ba ta dawo ba, 'yarta ta zo, kakar ba ta gane ta ba. Kuma na gaya miki tun ranar, tsohuwar cikin wasan nan sakarya ce. Wace irin mace ce jininta zai tsaya a gabanta ta kasa ganewa?"

Ku riƙe wannan maganar tawa. Ni ma tana nan a maƙogwarona har yau, ta ƙi wucewa.

Yarinyar ta raɓa ta gefena ta wuce, ta ɗauki 'yar jakarta a bayan ƙofa, ta sauka. Elfi ta bi ta tana kira. Ta taga na hango yarinyar ta tsayar da Mawardi ɗan acaɓa ta hau. Na ce a raina gidan matar ƙanena za ta, can ma akwai shinkafa.

Na ce wa Pirin, "Mayar min da bango."

"Etek, katako ɗaya ya tsage wurin cirewa."

"Kai ma yau za ka tsage."

Na ninke mayafin na sa a cikin rigata, na sauka tsakar gida.

Matan unguwa sun cika wurin. An yanka ɓauna tun da asuba, manyan tukwane a kan wuta, ana ta juya rendang. Wasu suna ɗura shinkafa mai danƙo a cikin gora. Darnis maƙwabciyata, wadda muke tafiya masallaci tare, tana riƙe da muciya da hannu biyu.

Ta ce, "Uni, muryarki har bakin kogi. Yau wa kika cinye?"

"Ki juya abin da ke gabanki, Darnis. Bara kin ƙona na gidan liman kika ce itace ne."

"Itacen ne mana!"

"Itacen ne ya tafi gulma ya bar tukunya?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na ɗan saki rai. Na zauna a kan turmi ina cire wa barkono hanci.

Sai dariyar ta ɗauke.

Ba a hankali ba. Ɗif, kamar an kashe rediyo.

Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce ta shigo ta tsakanin tutocin da Elfi ta sa aka kafa a bakin hanya. Uni Kamsinar ce, yayar marigayi mijina, daga ƙauyen bayan dutse. Ta kusa tamanin, kunnenta ya yi nauyi, rabon da ta tako gidan nan tun rasuwar ƙanenta.

Baƙaƙen kaya ne a jikinta. Babu awarwaro, babu ɗankunne. A hannunta kwano ne ƙulle cikin ƙyalle.

Wanda aka haifa a ƙasar nan ba ya bukatar a gaya masa. Mai zuwa biki da dafaffe take zuwa, a tire a ka, da rufi mai ƙyalli. Mai ɗanyar shinkafa a ƙulle cikin ƙyalle, gidan mutuwa ta zo.

Darnis ta saki muciya ta tare ta. "Uni, kin ɓata hanya ne? Zo mu je gidana ki huta, rana ta yi zafi."

Kamsinar ta ture ta da kwanon.

Ni kuwa dariya na yi. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Uni, an ce miki na mutu ne kika zo ki tabbatar? To ga ni, ki mayar da shinkafarki."

Ba ta ji ba. Ta ajiye kwanon a gabana, ta rungume ni, ta fashe da kuka.

"Niar. Wayyo Niar. Sai yanzu suka gaya miki? Na ce musu, wallahi na ce musu, ba a ɓoye wa uwa. Suka ce in yi shiru. Jikana ya wuce ta nan da safe ya ce an kafa tutoci, an yanka ɓauna, an buɗe ɗakinta. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi wa yarinyar nan addu'a a gidan uwarta."

A gidan nan ba a taɓa buɗe ɗakin mace a fili ba sai ranar da mai shi ta bar duniya. Haka aka yi wa kakata, haka aka yi wa uwata. Elfi ta manta, Jakarta ta wanke mata kai. Kamsinar ba ta manta ba.

Na ce, "Wace yarinya?"

Ta ce, "Na'am?"

Dole na ɗaga murya, har na kan hanya suka ji.

"NA CE WACE YARINYA?"

"Yenti mana, Niar. Yenti. Allah ya ji ƙanta."

Ban faɗi ba. Masu cewa na suma, ƙarya suke. Ina zaune a kan turmi da barkono a hannuna. Na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ina jira wata ta ce tsohuwa ta ruɗe. Duk wadda na kalla sai ta kalli ƙasa.

Na ce, "Darnis."

Ta kau da kai.

"Darnis, ke ma? Ke da kike ce min amin duk asuba in na ce Allah ya dawo min da ita?"

Ta rufe fuska da gefen zaninta.

Ƙauri ya fara tashi. Babu mai juya tukunya. Babu wadda ta motsa.

Daidai nan ƙanena ya shigo, sanye da baƙar rigarsa ta sarauta da hula, ya zo gwada jawabin tarbar baƙi na gobe. Shi ne Datuak, wato shugaban zuriyarmu. Tun ranar da aka naɗa shi babu mahalukin da ya ƙara kiran sunansa na yanka, har ni. Elfi tana bayansa, idonta jajir.

Na miƙe na ce, "Bustami!"

Mata suka ja numfashi. Wata ta ce innalillahi.

Ya tsaya cak. "Uni. A gaban mutane?"

"Ni na goya ka. Ni na wanke maka kashi kafin a ɗora maka hular nan. Bustami, zo nan."

Ya ga Kamsinar. Ya ga kwanon. Ya cire hular da kansa.

"Mu hau sama, Uni."

"Nan za ka faɗa. Ai duk sun riga ni sani, wa za ka ɓoye wa? Kaji?"

Na ce, "Yaushe?"

"Kafin azumi."

"Da me?"

"Ciwon ƙirji ne. Ta daɗe tana fama. Ita ta ce kada a gaya miki tana kwance."

"Da ta mutu ma ita ta taso ta ce kada a gaya min?"

Elfi ta ce, "Amak, likita ne ya ce zuciyarki..."

"Ke rufe min baki, zan zo kanki. Kika ce min wayarta ce ta faɗa ruwa. Kika ce an mayar da su wata masana'anta a cikin daji. Ranar Sallah kika ce tana gaishe ni. Na yi azumi ina roƙon Allah ya ba ta lafiya, ashe ƙasa ta rufe ta. Na tsaya a kan ƙafafun nan masu ciwo na dafa mata rendang, irin wanda take so, mai ƙananan dankali, na ba ki ki aika. Kika ce ya isa. Kika ce ta ce ya yi daɗi."

"Ya isa, Amak."

"Wa ya ci?"

Ta kalli kawunta.

"Ba shi na tambaya ba. Wa ya ci rendang ɗin 'yata?"

Ta ce, "'Yarta."

Na ce, "'Yar wa?"

"'Yar Yenti, Amak."

"Yenti ba ta yi aure ba. Mayafin aurenta ga shi nan a ƙirjina."

Bustami ya share gumi. Ya rage murya kamar akwai sauran abin rufewa.

"Ta yi aure, Uni. Tun shekararta ta biyu a can. Erizal ta aura, ɗan gidan bakin gada. A masana'anta suka haɗu."

Na san gidan. Zuriyarmu ɗaya ta wajen uwa, shi ma a ƙarƙashin hular Bustami yake. A al'adarmu wa da ƙanwa ne, ko da kakannin kakanni ne suka haɗa su.

Ya ce, "Kin san hukuncin. Da maganar ta fito, dattawa za su kore ta daga zuriya a bainar jama'a, sunan gidan nan ya zube. Ta kira ni tana kuka. Na ce ta zauna can, kada ta zo, ni zan rufe."

"Ka ce min takardunta ne suka lalace."

"Bustami, takardunta lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau."

"Duk shekarun nan?"

"Uni, don mutuncin gidanki na yi."

"Liman ya ɗaura musu aure?"

"Ya ɗaura."

"Allah ya haramta?"

"Ba Allah ba, al'ada ce ta..."

"To kai ne ka haramta min 'yata! Kai! Ka zauna a falona kana shan kofi, kana kallona ina share ɗakinta, ina shanya katifarta, kana cewa insha Allahu baɗi. Wane mutunci? Na katako? Ga katakon can an ɓalle shi a safiya ɗaya!"

Kamsinar tana ta jan hannun Darnis tana tambaya me ake cewa. Babu wanda ya kula ta.

Na juya kan Elfi. "Ke kuma. Wasan nan na mene ne?"

Ta durƙusa a ƙasa, cikin ɓawon kwakwa.

"Amak, Erizal ma ya rasu tuntuni. Yarinyar ba ta da kowa. Yenti ta kama hannuna a asibiti ta ce in kawo ta gida. In na kawo ta a ɓoye, dattawa za su ce ba su san ta ba. Na ce to a tara kowa, na gida da na ci-rani, su zauna a falonmu su ci abincinmu. Su ji labarin, su yi kuka, sannan ta fito daga ɗakin uwarta in faɗi sunanta. Wa zai iya tashi da man rendang ɗinmu a hannunsa ya ce a kore ta? Ke kuma kafin nan kin saba da ita, labarin ya shige ki a hankali..."

Bustami ya zaburo. "Me? Ba haka muka yi da ke ba! Cewa kika yi za ta ga gidan ta yi waƙa ta koma!"

"Da na gaya maka gaskiya za ka yarda, Mamak?"

Na ce, "Ku yi min shiru, ku duka biyun. Ɗaya ya ɓoye min rayuwarta, ɗaya ta ɓoye min mutuwarta, yanzu kuna faɗa a kan wa ya fi iya ƙarya."

Na sunkuya har fuskata ta kusa taɓa ta Elfi.

"Wato gobe ina zaune a gaba, da sabuwar riga, ina ce wa baƙi su ƙara shinkafa. Tsakanin nama da kayan zaƙi za ki ba ni labarin mutuwar 'yata. Mutane suna suɗe yatsa suna kallon fuskata. In na yi kuka da kyau a tafa min. Haka ne?"

"Ba haka nake nufi ba, Amak."

"Kin sayar wa mutane wurin zama su kalli ranar da aka gaya wa Rosmaniar."

"Wallahi ban ga wata hanya ba."

"Hanya? Ki shigo ɗakina ki rufe ƙofa, ki ce Amak, Yenti ta rasu, ga 'yarta. In zuciyata ta tsaya, ta tsaya a kan gadona. In ba ta tsaya ba, ni da ƙafata zan kama hannun yarinyar in kai ta gaban dattawa, in ga wanda uwarsa ta haifa da zai ce min ba jinina ba ce. Gidan nan nawa ne. Ba na hula ba ne, ba na lasifika ba ne. Ni ce nake cewa wa zai kwana a ciki, ni ce nake cewa wa zai fi..."

Wa zai fita.

Na sa hannu a cikin rigata. Mayafin bai bushe ba.

Jama'a, ni ba mai saurin kuka ba ce. Ranar da aka binne mijina ni na raba wa mutane shayi. Amma da na taɓa damshin nan, sai ga ni na koma kan turmi.

Ba majina ba ce. Ƙamshin uwarta take nema. Uwarta ko sau ɗaya ba ta yafa shi ba, amma a ɗakinta yake, shi ta samu.

Na tuna yadda take zama in tana tsince shinkafa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe a ƙarƙashinta. Na tuna tana ware ƙananan dankali a gefen faranti ta ci su a ƙarshe. Na gani da idona. Har na ce wa Darnis yarinyar nan tana da cin abinci irin na wata. Ban ƙarasa tunanin ba, na tafi duba gishiri.

Ta ce min Nenek. Kowane yaro a hanya haka yake ce min, ban san nata daban ba ne. Sau nawa ta maimaita kalmar nan a ranta a cikin jirgi kafin ta iso?

Na ce mata ni ba kakarta ba ce.

Na ce uwarta ta yi aikin banza.

Na ce ta koma ta ce ta sake.

Ni na faɗa, ban musa ba, bakina ne. Amma wa ya ɗaure min ido ya tura ni ɗakin? Wannan ita ce tambayar da nake so dattawa su yi musu.

Na ce, "Ina take?"

Elfi ta ce, "Na kira ta, ta kashe waya."

"Tana gidanka, Bustami?"

"Daga can nake. Ba ta je ba."

Na miƙe. Na ce wa matan nan, "Ku sauke tukwanen. Babu wasa, babu cin abinci. Duk wanda ya sayi wurin zama ya je Jakarta ya zauna. Ba mai ɗaga loma a gidan nan sai mai ɗakin can ta dawo."

Bustami ya ce, "Uni, ki bari a yi shawara, dattawa..."

"Ka mayar da hularka ka je ka gaya musu. Ka ce Rosmaniar tana da jika mace, sunanta Izati, ɗakin ƙarshe nata ne. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni, guduma tana sama."

Sai ga ƙarar babur. Mawardi ne, shi kaɗai. Ya tsaya a bakin tutoci, ya ga taron, ya so ya juya.

Na ce, "Kai! Ina ka kai ta?"

"Tasha, Etek. Wurin motocin Padang. Ta ce filin jirgi za ta."

"Ka bar ta ita kaɗai?"

"Ta ce in tafi." Ya sosa ƙeya. "Ta ba ni saƙo. Amma ni dai gara in faɗa wa Uni Elfi."

"Na wa ne saƙon?"

"Naki."

"To faɗi."

Ya kalli ƙasa.

"Ta ce kafin uwarta ta cika, ta ce mata, in kin je za ki tarar da Amak tana faɗa, kada ki ji tsoro. Faɗanta na baki ne. Tunda take ba ta taɓa korar kowa daga gidanta ba, ko kyanwa."

Na ce, "Sai me?"

"Ta ce in gaya miki, tunda kin ce ta koma ta faɗa wa uwarta, za ta koma. Ta san inda take kwance."

Ni da ban taɓa hawa babur ba tunda Allah ya yi ni, ban san lokacin da na tattare zani na ɗare bayansa ba. Takalmina ɗaya ya faɗi. Darnis ta ɗauko, na ce ta bar shi.

Elfi ta riƙe min hannu tana cewa Amak zuciyarki, ki bari in je. Na fizge.

Na damƙi rigar Mawardi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan mayafin.

"Motar Padang yaushe take tashi?"

Ya duba agogon hannunsa.

"Mawardi, da kai nake. Yaushe take tashi?"

Sai ya murɗa babur ɗin da ƙarfin da ban taɓa jin ya murɗa ba.